Na'urar da ke Ƙirjin Mu'awiya

Shafi na 27

Masu cika min akwatin saƙo da cewa na fiye tausaya wa Hamdiya, ku karanta wannan shafin har ƙarshe tukuna, sannan mu yi magana.

*

Washegarin addu'ar arba'in ɗin Dada, Mu'awiya ya tashi a gidansu na Kebbe, ya yi alwala cikin minti biyu, ya yi salla, ya zauna kan tabarma yana kallon ɗakin da mahaifiyar tasa ta cika a ciki. An sa wa ƙofar sabon kwaɗo. Ya daɗe yana kallonsa. Abin da ya zo masa a rai shi ne kwaɗon ƙarami ne, dutse ɗaya ya isa ya ɓalle shi.

Yayansa Sambo ya shigo daga wajen shanu, ƙafafunsa duk raɓa da kashin shanu. Bai zauna ba. Ya jingina sandarsa da rumbu, ya tsaya a kansa.

"Yau za ku koma Tambuwal?"

"Yau. Gobe da safe likitoci za su kira."

Sambo ya jinjina kai. Ya ce jiya baƙi sun yi ta tambayarsa ko autan Dada ba shi da lafiya ne. Tsofaffin da ba ma dangin Dada ba ne sun share hawaye wajen addu'a, Mu'awiya kuwa yana zaune yana gyara wa mutane takalma a bakin tabarma, yana jera su biyu biyu.

"Kwana arba'in, Mu'awiya. Ban ga idonka ya yi ja ba ko sau guda."

"Na sani."

"Mi anka sa maka cikin kai?"

Mu'awiya ya taɓa ƙirjinsa ta dama, ƙasa kaɗan da ƙashin wuya, inda batir ɗin yake kwance a ƙarƙashin fata kamar akwatin ashana.

"Ba ni ba ne, Yaya. Na'ura ce. Ita ke danne komi."

Amsar da yake ba kowa ke nan tun ranar jana'iza. Ita yake ba kansa ma. Sambo ya ɗauki sandarsa ya fita, bai ce sai wata rana ba.

Shekara tara Mu'awiya ya yi a hannun waswasi. Alwala ɗaya takan ci masa awa biyu, ya wanke hannu ya sake, ya wanke ya sake, har fatar ta tsattsage tana jini, lokacin salla ya fita yana tsugune gaban buta yana kuka. An yi ruƙiya, an sha rubutu, an sha ƙwayoyin asibiti kala kala. Da ya tafi ƙasar Sin ƙaro karatu kan lafiyar dabbobi, ciwon ya kai inda ko aji ba ya iya shiga. Abokinsa Bilyaminu, ɗan Dogon Daji da ke aiki a wani ɗakin binciken ƙwaƙwalwa a can, shi ya kai sunansa cikin wani gwaji na masu irin ciwonsa da magani ya gagara. Aka huda ƙoƙon kansa wuri biyu, aka zura siraran wayoyi har tsakiyar ƙwaƙwalwa, aka haɗa su da batir a ƙirji. Wutar lantarki ƴar kaɗan na'urar take kai wa wurin, dare da rana.

Waswasin ya kwanta. Sai dai ba shi kaɗai ya kwanta ba. Tuwo ya zama abin cika ciki kawai. Ranar da ƴarsa Fatsuma ta faɗo daga kan katanga ta fasa goshi, ya ɗauko auduga ya goge mata jinin a natse, kamar yana duba akuyar maƙwabci.

A kan babur, hanyar Kebbe zuwa Tambuwal ta yi ta jijjiga su. Ruwa ya cinye gefen hanyar a wurare da yawa. Fatsuma na tsakiya ta yi barci, Hamdiya matarsa na baya ta rungume jakarta a jikinta. Sau biyu yana jin ta ja numfashi kamar za ta yi magana. Sau biyun ta fasa. Bai tambaye ta ba.

*

Ƙarfe takwas na safe, Fatsuma ta tafi makaranta. Mu'awiya ya jingina wayarsa da flas ɗin shayi a kan tebur, kusa da taga, inda sabis ya fi kamawa. Hamdiya ta kawo rimot ɗin na'urar ta ajiye. A hannunta yake zama tun farko. Likitoci ne suka ce kada a bar masa, domin mai waswasi zai iya wuni yana dubawa ko tana aiki. Ita ke ɗaura masa abin caji a ƙirji duk Juma'a, ita ke cewa ya cika.

Ta koma bakin ƙofa ta tsaya.

Fuskar Bilyaminu ta bayyana daga ƙasar Sin, cikin farar riga, bayansa wasu akwatunan gilas jere. Suka gaisa. Ya sake yi masa ta'aziyya, ya yi wa Dada addu'a mai tsawo. Mu'awiya ya ce amin a duk inda ake cewa amin.

Daga nan Bilyaminu ya gyara zama, muryarsa ta canza, ta koma irin ta lokacin da suke ɗalibai idan ya ci jarrabawa. Ya tambaye shi ko ya tuna ɓerayen nan da ya taɓa nuna masa, masu wanke fuska da ƙafafun gaba ba tsayawa, har gashin ya zube wurin ya zama gyambo.

Mu'awiya ya tuna. Ranar da ya gan su ya tsaya gaban akwatin kusan rabin awa, hannayensa naɗe da bandeji.

Bilyaminu ya ce shekara fuɗu suna aiki a kansu. Akwai wata ƙwayar halitta da ake samu daga gansakuka, mai jin haske. Sukan dasa ta cikin irin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa guda ɗaya tak da suka zaɓa, su bar sauran. Sai su sa wa ɓeran zaren gilas siriri a ka. In suka kunna shuɗin haske, waɗancan ƙwayoyin kaɗai ke amsawa. Da haka suka yi ta gwadawa, iri bayan iri, har suka gane waɗanne ne in an taɓa su wankin fuskar ke tsayawa, ɓeran kuma ya ci gaba da cin abinci da wasa da ƴan uwansa.

"Kai ɗan masu shanu ne," in ji shi. "Na'urar da ke jikinka sanda ce, garken duka take kora. Hasken nan kuwa kamar Sambo ne in ya kira saniya guda da sunanta, ta fito ita kaɗai."

"To za a sa min hasken?"

"A'a. Ba a kai ga yi wa mutum haka a ƙwaƙwalwa ba. Amma mun koyi muryar kiran."

Ya yi bayani cewa sun gano idan aka daina sakin wuta ba tsayawa, aka riƙa ba da ita guntu guntu, a saki a ɗauke, a wani tsari na musamman, to ƙwayoyin da ake nema sun fi amsawa, maƙwabtansu su huta. A ɓeraye ya yi aiki. Yanzu an ba su izinin gwadawa a mutum goma sha biyu daga cikin masu na'urar, kuma sunan Mu'awiya na ciki. Ba sai an yi masa tiyata ba, daga can za a canza tsarin ta waya. Bai yi masa alkawarin komi ba. Amma ya ce akwai yiwuwar abin da ya kwanta tare da waswasin ya farka.

"Wataƙila ka ji ɗanɗanon abinci. Wataƙila ka yi wa Dada kuka."

Mu'awiya ya nemi wani abu a ransa da zai amsa wannan magana. Bai samu ba. Ya ce to, madalla.

Wata mata mai furfura da tabarau ta zauna kusa da Bilyaminu. Ita ce babbar likitar da ta yi masa aikin. Ta ɗaga masa hannu, ta yi murmushi, ta ce a kusantar da rimot da ƙirjinsa su karanta bayanan na'urar kafin a fara.

Hamdiya ba ta motsa daga bakin ƙofa ba. Sai shi ya ɗauka ya kara da kansa.

Likitar ta matso da fuskarta kusa da kwamfuta. Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar. Ta faɗi wani abu da yarensu, gajere. Bilyaminu ya leƙa, ya amsa mata, ta sake magana da sauri. Murmushin ya bar fuskarsa.

"Mu'awiya, yaya alwalarka kwanakin nan?"

"Lafiya lau. Minti biyu."

"Ba ka sakewa?"

"Ba ni sakewa."

"Barci fa? Tunanin cutar da kanka?"

"Babu. Mi ya faru?"

Bilyaminu ya shafa gemunsa.

"Na'urarka a kashe take."

Mu'awiya ya kalli ƙirjinsa, kamar zai gani ta cikin riga.

"Tun yaushe?"

"Kwana arba'in da biyu. Ranar wata Talata, ƙarfe biyar da minti goma na yamma, agogon gida."

Bai buƙaci ya ƙirga ba. Dada ta rasu ranar Laraba da hantsi. Ranar Talata da yamma yana zaune a gefen gadonta a Kebbe.

Bilyaminu ya ce likita za ta kira sauran abokan aikinta, a ba su minti goma sha biyar. Ya ce kada ya taɓa komi. Ya ce yawancin waɗanda tasu ta taɓa mutuwa, cikin kwana biyu zuwa uku ciwon ke dawo musu, wani lokaci fiye da da, shi ya sa hankalinta ya tashi. Kafin hoton ya ɗauke, ya ƙara da cewa za ta tambayi abu ɗaya: na'urar ce ta mutu da kanta, ko hannu ne ya kashe ta.

Wayar ta yi duhu.

A waje mai kifi ya wuce yana talla. Mu'awiya ya ajiye rimot ɗin a tebur, ya daidaita shi da gefen tebur ɗin. Bai juya ba.

"Hamdiya."

"Na'am, Malam."

"Zo ki zauna."

Ta zo ta zauna a ƙasa, ta jingina da ƙafar kujera. Ba ta jira ya tambaya ba.

"Ni na kashe ta."

"To."

"Dada ce ta roƙe ni."

Ta ba shi labarin idonta na kan siminti. Ranar Talatar, bayan la'asar, lokacin da ya fita sayo ruwan leda, Dada ta kama mata hannu. Ta ce ta san ba za ta tashi ba. Ta ce shekara biyu ke nan wani mutum mai ladabi yana zuwa gaishe ta da fuskar ɗanta, yana kawo mata sabulu da goro, amma ɗanta bai zo ba. Ta ce ta fi son wancan mai tsattsagaggen hannu, wanda ko zazzaɓi ta yi sai ya zauna yana hawaye. Hamdiya ta ce mata likitoci sun hana. Dada ta ce ba ta nemi shekara ba, yini guda ta nema.

"Tac ce in cire maka ƙarfen nan na yini ɗaya ta ga ɗanta, in ya so in mayar. Ta haɗa ni da Allah, Malam. Sau uku."

"Sai kika yi."

"Da ka dawo ka zauna, na tsaya bayanka kamar ina gyara labule. Na kara, na danna."

Ya tuna labulen. Ya tuna ta daɗe tana gyara shi.

"Dada ta san kin kashe?"

Hamdiya ta gyaɗa kai. Ta ce ta yi mata alama da ido.

Sai yanzu ya gane kallon nan. Tun daga yammacin Talata har hantsin Laraba Dada ba ta ɗauke ido daga fuskarsa ba. Ya ɗauka zafin ciwo ne. Ta riƙe masa yatsu, tana kallo, tana jira. Shi kuma ya tambaye ta ko ta sha maganin yamma. Ya gyara mata filo. Ya ce wa matar Sambo kunun ya yi kauri, a ƙara ruwa. Da safe Dada ta ce, "Mu'awiya, ni ce fa." Ya ce, "Na sani, Dada." Ba ta sake magana ba. Ta juya fuskarta bango.

Duk wannan, babu ko ɗigon wuta a kansa.

Ya ɗora hannayensa kan gwiwa ya dube su. Fatar ta warke tuntuni, sai ƴan fararen tabo a bayan yatsu.

"Ashe ba na'ura ba ce," ya ce.

"Kada ka ce haka."

"Jiya na ce wa Yaya Sambo na'ura ce. Na ce wa liman. Na ce wa kowa."

"Malam, ka yi min faɗa. Ka zage ni. Ko sakina za ka yi, ka yi, amma ka yi da fushi."

Ya duba ya ga ko akwai fushin. Ya san inda ya kamata ya kasance, kamar yadda harshe ke sanin gurbin haƙorin da aka cire. Wurin babu komi. Ya lura shayin da ke kofi ya yi sanyi, ya yi fata a sama.

"Duk Juma'a kina ɗaura min caji."

"Ina ɗaurawa."

"Kina cewa ya cika."

"A cike yake. Ba ya raguwa."

Ta share fuska da gefen mayafi. Ta ce kwana arba'in ba ta yi barcin kirki ba. Duk asuba takan laɓe tana ƙirga sau nawa ya wanke hannu. Ta ɓoye reza da maganin ƙwari na gona, ta kai su gidan maƙwabta. In ya daɗe a bayi sai ta je ta tsaya a ƙofa tana sauraren ƙarar ruwa.

"Yini ɗaya Dada ta ce," in ji shi. "Mi ya sa ba ki mayar ba?"

Ta buɗe baki. Wayar ta fara ruri.

Ya danna. Yanzu mutum uku ne a hoton, an ƙara wani namiji mai riƙe da takardu. Bilyaminu ya yi magana a hankali, da Hausa, yana kallon gefe kamar mai karanta wani abu, don kada sauran su gane gargaɗi yake yi.

Ya ce ya saurara da kyau kafin ya amsa. In aka ce na'urar ce ta mutu da kanta, dole ya taso ya zo, a buɗe ƙirjin, wataƙila har kan, a duba wayoyin. In aka ce mai kula da shi ce ta kashe, za a rubuta an karya ƙa'idar gwajin, a cire sunansa daga cikin sha biyun, sabon tsarin ya wuce shi. Ya ce shi kansa bai san mi ya sa waswasin bai dawo ba. Wataƙila ƙwaƙwalwar ta koyi hanya ta riƙe, mai kyau da marar kyau duka, kamar yadda wasu ɓerayen ke daɗewa lafiya bayan an ɗauke haske. Wataƙila kuma gobe ya dawo. Babu wanda zai iya rantsuwa.

Likitar ta yi tambayarta, ta harɗe hannu.

Hamdiya ta yunƙura za ta miƙe. Mu'awiya ya ɗora tafin hannunsa a kafaɗarta, ya mayar da ita zaune, ƙasa da inda kyamara ke gani.

"Ce mata ni ne. Na ɗauki rimot a jakar matata ba ta sani ba."

Bilyaminu bai fassara ba.

"Mu'awiya."

"Ce mata."

"In majinyaci ya kashe da kansa a ɓoye, a takardarsu alamar yana neman cutar da kansa ce. Za ta ce a kunna yanzun nan, a kan tsohon tsari, da ƙarfinsa na da. Kuma ba za su taɓa shi ba sai bayan shekara. Ka gane abin da nika faɗa maka?"

"Na gane."

"Shekara guda cur a haka."

"Na saba."

Bilyaminu ya juya ya yi wa likitar magana. Ta saurara, ta rufe ido, ta buɗe. Mai takardu ya rubuta wani abu. Ta jawo kwamfutar gabanta, ta yi nuni da hannu a kara rimot.

Mu'awiya ya kara shi a ƙirji.

Hamdiya ta kama ƙafar wandonsa ta ƙasa.

"Malam," ta ce da raɗa. "Tambayar da ka yi min."

"Bari a gama."

"Ba za a gama ba. Na mayar. Ranar da anka yi jana'iza, da munka dawo ɗaki, na kara na danna. Washegari na sake. Kullum sai na gwada, in kana salla, in kana cin abinci. Jiya ma a kan babur na gwada."

Ya sunkuyo ya dube ta.

"Ba ta kamawa, Malam. Tun ranar ba ta sake kamawa ba."

A cikin wayar, likitar ta danna wani abu don kunna na'urar. Ta jira. Ta sake dannawa. Ta ɗago kai ta kalli Bilyaminu, sannan ta kalli Mu'awiya, ta miƙe tsaye.